Alkama Na Tsere Da Zafin Bazara

Alkama amfanin sanyi ce. Shi ya sa a ƙasar Hausa ba a nomanta sai da rani, da ban ruwa, lokacin da hunturu ya sauko. Daga Kadawa a Kano zuwa kwarin Haɗeja, ƙa'idar ɗaya ce: a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, a girbe a Maris ko Afrilu. Duk manomin rani na gefen madatsar Ajiwa a Batagarawa da ke son gwada ta, wannan ɗan lokacin kaɗai yake da shi, kuma sauyin yanayi na matse shi.

Tsiron alkama ba kwanaki yake ƙirgawa ba, ɗumin da ya sha yake tarawa. In dare ya yi sanyi, sai ya yi girma a hankali, ya yi 'ya'ya da yawa a gindi. In ɗumi ya yi yawa, sai ya yi gaggawa: ya ɗauki ciki da wuri, ya fitar da kai tun bai yi ƙarfi ba. Mafi muni shi ne zafin bazara ya riski ƙwaya tana cika. Da ma'auni ya haura digiri 30, sai lokacin cikar ya gajarce. Daga nesa gona ta yi jawur kamar ta nuna. Ka murza zangarniya a tafin hannu, ka ga ƙwaya a tsamure, ba nauyi. Taki da fetur ɗin injin ban ruwa kuwa an riga an kashe kuɗinsu.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya na rage alkamar duniya da kusan kashi 6 cikin ɗari. A 2022 zafin Maris ya dake ta a Indiya, har gwamnati ta hana fitar da ita a Mayu. A Najeriya da ke sayo sama da kashi 90 na alkamarta daga waje, irin wannan girgiza tana isowa har kan farashin burodi da gurasa.

Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da iri masu jure zafi, irin su Norman da Reyna-28. Sun taimaka, amma ba sa rama makara. Abin da ya fi damuna shi ne tallafin iri da taki da kan iso a makare, bayan manomi ya sha jira. Shukar Janairu kai tsaye take faɗawa cikin zafin Maris. Kamata ya yi kayan su isa hannun manoma tun Oktoba, kafin a gama kwashe dawa daga gona.