KUMBO DA TAURARON ƊAN ADAM: HANYAR JAWO HANKALIN YARA GA LISSAFI DA KIMIYYA

Sanin kowa ne yara da yawa a makarantun sakandare suna gudun lissafi, suna cewa ba su ga amfaninsa ba. Alhali kuwa wanda bai ci lissafi a jarrabawar fita ba, ba zai sami shiga fannin likita ko injiniya a jami'a ba, ko da a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013. Wannan bayani domin malamai ne da iyaye na Nguru da Gashuwa da kewaye.

Taƙaitaccen Tarihi

Rasha ce ta fara harba tauraron ɗan Adam a 1957. A 1969 Amurka ta sauke mutum a kan wata. Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya a 1999, aka harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003. Wanda ake kira NigeriaSat-X kuwa, da aka harba a 2011, injiniyoyinmu ne suka ƙera shi bayan sun sami horo a Ingila.

Ina Ruwanmu Da Sama?

Ruwanmu da ita babba ne. Hotunan da taurarin nan ke ɗauka su ne suka nuna wa duniya yadda Tafkin Cadi ya janye tun daga shekarun 1960. Da irinsu ake auna faɗin ambaliya a fadamun Haɗejiya da Nguru, da inda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, da yadda rairayi ke matsowa ta wajen Yusufari. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi duk abin ya shafe su.

Misali Domin Aji

NigeriaSat-1 ya yi ta kewaya duniya a tsayin kilomita 686. Daga tsakiyar duniya zuwa doron ƙasa kimanin kilomita 6,371 ne. Malam ya sa yara su haɗa biyun, su sami 7,057, sa'an nan su fitar da tsawon da'irar, watau wajen kilomita 44,300. Tun da tauraron yana cin kilomita 7.5 a daƙiƙa guda, kewaye ɗaya zai ɗauke shi kimanin minti 98. Daga nan a tambaye su: hanyar dogo daga Kano zuwa Nguru, wajen kilomita 230, cikin wane lokaci zai ratsa ta? Amsa ita ce rabin minti. Yaron da ya gano wannan da hannunsa da wuya ya sake raina lissafi.

Kira Ga Jama'a

Ana roƙon shugabannin makarantu su kafa ƙungiyoyin kimiyya, su riƙa fita da yara da magariba don duban taurarin ɗan Adam, waɗanda ake iya gani da ido suna tafiya a hankali. Iyaye kuma su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwa tun daga aji ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.