Me Ya Sa Maharbi Ke Saita Bindiga?

Ɗaliban Fagge da ke zuwa kallon ƙwallo a filin wasa na Sabon Gari sun san yadda bugun tazara ke tashi sama, ya lanƙwasa kamar baka, sa'an nan ya sauko. Harsashi ma haka yake tafiya, saurinsa ne kawai ke ɓoye wa ido lanƙwasar. Tun a 1638 Galileo, masanin ƙasar Italiya, ya bayyana dalili: da zarar abu ya bar hannun mai jifa, ƙasa ta fara janyo shi, komai gudunsa.

A ɗauki harsashi mai gudun mita 800 a daƙiƙa. Kafin ya ci mita 200, rubu'in daƙiƙa ya wuce, kuma a wannan ɗan lokaci ya faɗi da kimanin santimita 30. In nisan ya ninka zuwa mita 400, faɗuwar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi, watau ta haura mita ɗaya. Iska kuma tana rage masa gudu, ta ƙara faɗuwar.

Ido kuwa miƙe yake gani. Aikin saiti shi ne sulhunta waɗannan biyu: a gyara madubin awo har bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama, harsashi ya haura layin gani, ya kuma sauko kansa daidai nisan da aka zaɓa. Maharban Amurka masu bin elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, sukan gwada harbi a kan takarda kafin lokacin farauta, da yawa suna saitawa a yadi 200. Ba don gwaninta kaɗai ba: kuskuren taki ɗaya kan sa dabba ta tsere da rauni, ta mutu a wahale cikin daji.

Maharbin ƙasar Hausa ya bi wata hanya dabam. Cikin bututun adaka sumul yake, ba shi da zanen da ke murza harsashi ya daidaita tafiyarsa, don haka ba a dogara da ita daga nesa. Sai ya ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya, yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci gwanki ko barewa. Nisan ya rage, faɗuwar ta zama kaɗan.

Malami na iya nuna wannan a aji ba tare da bindiga ba, wadda dokar Nijeriya ta hana mallaka sai da lasisi. Kwabo biyu sun isa: a saki ɗaya daga bakin tebur, a harba ɗayan gefe da yatsa a lokaci guda. Tare za a ji ƙararsu a ƙasa.