Farfesan da ke karanta asirin ƙwayar cuta a garin Ede

Ranar 20 ga Yulin 2014 wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas, jikinsa duk ya yi laushi. A asibitin da aka kwantar da shi a Obalende, Dakta Ameyo Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta kuma hana shi fita duk da matsin da ta sha. Cikin waɗanda suka tabbatar da zargin nata a ɗakin gwaje-gwaje akwai Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, har da ita Adadevoh, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙasar ta rabu da cutar ranar 20 ga Oktoba.

Happi haifaffen Kamaru ne. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Ibadan, ya shafe shekaru a Harvard yana binciken yadda zazzaɓin cizon sauro ke bijire wa magani, sannan ya tattara ya dawo. Ya kafa cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta ACEGID, wadda yanzu take garin Ede a Jihar Osun, domin a daina kwasar jinin majinyatanmu zuwa Turai ana zaman jiran sakamako.

A watan Agustan 2014 yana cikin masanan da suka wallafa bincike a mujallar Science kan samfurin Ebola 99 daga majinyata 78 a Saliyo. Biyar daga cikin waɗanda suka yi aikin, har da Dakta Sheik Humarr Khan na asibitin Kenema, cutar ta kashe su kafin a buga shi.

Amma a ganina, a 2018 ne aikin nasa ya fi nuna amfaninsa. A farkon shekarar zazzaɓin Lassa ya ɓarke fiye da yadda aka saba gani, musamman a Edo da Ondo da Ebonyi, ma'aikatan lafiya ma suna kamuwa. Hankalin likitoci ya tashi: shin ƙwayar ta sauya kama ne, ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi kamar Ebola? In haka ne, to an shiga uku.

Kowace ƙwayar bairos tana ɗauke da rubutun halittarta, kuma duk lokacin da ta hayayyafa akan sami ɗan kuskure a rubutun, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu kan tsallake harafi. Idan Audu ne ya shafa wa Bala, rubutun ƙwayoyinsu zai zo kusan iri ɗaya. Happi da ɗalibansa, tare da asibitin koyarwa na Irrua da Pardis Sabeti ta cibiyar Broad a Amurka, suka karanta samfuran majinyatan suka gwama. Sai ga shi sun sha bamban da juna, kuma duk tsoffin zuriyoyin da aka sani ne, kogin Neja da na Binuwai sun raba su yanki-yanki. Wato yawancin mutane daga ɓera suka ɗauko, kowa da nasa. Suka miƙa wa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wannan bayani annobar tana tsakiyar ci, ba su jira an buga a mujalla ba. Wannan ya nuna inda ya kamata a sa ƙarfi: rufe abinci, tsabtace gida, da daina shanya hatsi ko garin rogo a inda ɓera zai yi masa fitsari.

Cutar kuwa ba baƙuwarmu ba ce. A garin Lassa na Jihar Borno aka fara gane ta a 1969, kuma wani binciken da Happi ya sa hannu a ciki a 2015 ya nuna ƙwayar ta fi shekara dubu a wannan ƙasa, kuma daga nan ne ta bazu zuwa Gini da Laberiya da Saliyo.

Da aka tabbatar da korona ta iso Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a jikin wani ɗan Italiya, an aika samfurinsa Ede. Cikin 'yan kwanaki cibiyar, tare da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Legas, ta fitar da cikakken rubutun halittar ƙwayar ta saka a intanet kyauta. Shi ne na farko da aka karanta a nahiyar Afirka.