Zoben ɗaurin kaya a remok: inda ake sa shi da yadda ake kafa shi

Wanda ya saba bin hanyar Maradi zuwa Damagaram ya sha ganin buhuna zube a bakin kwalta. Sau da yawa ba igiya ce ta tsinke ba, wurin da aka ɗaura ta ne ya ɓalle. Kome ƙarfin igiya, ba ta wuce ƙarfin zoben da ke riƙe da ita.

Ga dalili. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, kaya na tunkuɗowa gaba. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Ke nan injin ban ruwa ko buhunan albasa masu kilo 500 na iya turo ƙarfin kilo 400 lokaci guda.

Saboda haka, wajen saye a nemi zoben ƙarfe mai kauri wanda aka buga nauyin da yake ɗauka a jikinsa. Igiyoyin ɗauri masu faɗi na zuwa da ƴar takarda mai harufan LC da lamba a daN, kuma daN ɗaya kusan kilo ɗaya ne. Kada ƙarfin zobe ya gaza na igiya.

Wurin kafawa shi ne shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da remok ɗin. Katakon daɓe ko siririn kwanon gefe ba su riƙe kome, tsagewa suke yi. A sa zobe huɗu aƙalla, ɗaya a kowace kusurwa, suna fuskantar juna. In remok ɗin dogo ne, a ƙara biyu a tsakiya.

Hanyar kafawa biyu ce. Ta farko walda: a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, mai walda ƙwararre ya zagaye gindin zoben duka, ba ɗigo biyu ba, sannan a shafa fenti saboda damina. Ta biyu ƙusa mai noti: a zaɓi mai lamba 8.8 a kai, a sa faifan ƙarfe mai faɗi ta ƙasa don ya rarraba nauyi, a ɗaure da notin da girgiza ba ta kwancewa. Kafin a huda, a leƙa ƙasa kada a cinye wayar fitila.

Bayan an yi lodi, a tsaya cikin kilomitocin farko a sake tamke igiya, don kaya na zaunawa. Zoben da ya lanƙwashe ko waldarsa ta fara tsagewa, a canza shi kafin tafiya. Mai babur da ke bin ku a baya ba ya da inda zai kauce in buhu ya faɗo.