Mai Harshe Biyu da Kamfanonin Karatu ta Intanet

'Yan'uwa ɗalibai, mu da muka taso a nan Sabha yawancinmu da harshe biyu muka buɗe ido. A gida Hausa, da an fita ƙofa kuma Larabci. Sau da yawa ba ma ɗaukar wannan a bakin komai, wasunmu ma har kunyar yin Hausa suke a gaban abokai. To, bana mun ga ya dace mu yi bayanin wata sana'a da take neman irinmu, wato buɗe wa kamfanin karatu ta intanet kasuwa a wata ƙasa.

Irin waɗannan kamfanoni suna ɗaukar darasi a bidiyo, su zuba shi a manhajar waya, ɗalibi ya biya ya kalla a gida. Akwai Noon Academy da aka kafa a Saudiyya a 2013, daga baya ta shiga Masar da Pakistan. Akwai kuma uLesson da Sim Shagaya ya kafa a Najeriya a 2019. Duk kamfanin da ya yi ƙarfi a gida, sai ya fara hangen maƙwabta. Sai dai mai kamfani yana ofishinsa a Riyad ko Abuja, bai san yadda iyaye suke tunani a Agadas ko Murzuk ba. Dole ya nemi wakili wanda yake jin maganar ɓangarorin biyu.

Kar mu ɗauka fassara ce kawai aikin wannan wakili. Abu na farko, zai binciko jarrabawar da yaran ƙasar suke rubutawa, domin ita ce iyaye suke biya wa kuɗi. A Libiya shahadar sanawiyya ce, a Nijar BEPC da BAC, a Najeriya kuwa WAEC da NECO da JAMB. Shi ya sa uLesson bai sha wuyar shiga Ghana da Saliyo da Laberiya da Gambiya ba, tunda duk suna rubuta jarrabawar WAEC. Amma darasin da aka shirya wa ɗan Kano ba zai yi wa ɗan Sabha aiki haka nan ba, ko da an juya shi zuwa Larabci tsaf, saboda tsarin karatun daban ne.

Na biyu, yaya darasin zai isa hannun ɗalibi? Mu nan mun san halin ɗauke wuta, mun kuma san yadda layin Libyana ko na Almadar yake raguwa a wasu lokuta. Lokacin da uLesson ya fara, a kan ɗan katin memori yake sayar da darussansa, don yaro ya kalla ba tare da ya ƙona data ba. Irin wannan shawara, wanda ya zauna cikin mutane ne yake kawo ta.

Na uku, biyan kuɗi. Nan dinari, Nijar sefa, Najeriya naira. Uba da yawa ba shi da katin banki, kuma ba zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. Wakili ne zai zauna da shugabannin makarantu da masu shagunan waya, a tsara yadda za a riƙa karɓar kuɗin, da kason da kowa zai samu. Bayan haka ya rubuta wa kamfani rahoto: ga abin da ya karɓu, ga ƙorafin iyaye, ga farashin da ya fi ƙarfinsu.

In mun lura, sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ayarin raƙuma da yake tasowa daga Tarabulus ya bi ta Murzuk ko Gat zuwa Kano bai taɓa rabuwa da tafinta da dillali ba. Hajar ce ta sauya, daga tufafi da fata ta koma darasi. Ga shi kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ka ga mai iya Hausa da Larabci ƙofa ta ƙara buɗe masa.

Amma fa mu gaya wa kanmu gaskiya. Da yawanmu muna jin Hausa, ba ma iya rubuta ta. Larabcinmu na unguwa yana gudu, amma in aka ce a rubuta wasiƙar yarjejeniya da fusha, sai hannu ya tsaya. Kamfani ba zai damƙa amanar kasuwarsa ga wanda ba ya iya rubuta shafi ɗaya mai tsabta ba.

Don haka mu riƙe darasin nahawu da insha'i da kyau. Mu nemi littattafan Hausa mu karanta, mu saba da rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Wanda ya samu hali ya ƙara da Turanci ko Faransanci da ɗan lissafin ciniki. Ƙannenmu kuma mu riƙa yi musu Hausa a gida kar ta kuɓuce musu. Allah Ya ba mu sa'a.