Gashin 'Yan Mata: Tsakanin Makitsan Samaru da Shagunan Sabon Gari

A ranakun Asabar da Lahadi, tun daga hantsi har la'asar sakaliya, da wuya a shiga wata unguwa ta Samaru, ko Hayin Dogo ko Ɗanraka, ba a tarar da 'yan mata zaune bisa tabarma a gidan makitsiya suna jiran layi ba. Akasarinsu ɗaliban sakandare ne waɗanda tilas su je makaranta ranar Litinin da kai a gyare. A can Sabon Gari kuwa, daga bakin kasuwa har zuwa Muciya, shagunan gyaran gashi ne ke cika da takwarorinsu, wasu an shafe musu kai da man miƙar da gashi, wasu kuma na ƙarƙashin na'urar busarwa. Dukkansu abu guda suke nema, watau yadda za su shawo kan gashi mai murɗewa da cukurkuɗewa, wanda ba ya jin mataji. Abin takaici shi ne a wajen wannan nema ne da yawa daga cikinsu ke rasa gashin goshinsu tun ba su cika shekara 20 ba.

Ba abin mamaki ba ne wannan al'amari ya yi ƙarfi a wannan yanki na Zariya. Samaru ta bunƙasa ne a gindin tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922 da kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ita kuwa Sabon Gari ta kafu bayan isowar jirgin ƙasa a wajajen 1911. Saboda haka wurare ne da Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna suka daɗe suna cuɗanya, kowa da irin adonsa. Yarinyar da ta tashi da shuku da zane a hannun uwarta, da zarar ta kai shekara 13 ko 14 sai idonta ya koma kan yayyenta na jami'a da abin da take gani a wayar hannu. Daga nan ne ja-in-ja ke farawa a gida: uwa na cewa a yi kitso, 'ya na cewa ita sai an miƙar mata da gashi.

Masana fata sun bayyana cewa gashin baƙar fata ba shi da wani aibi, halittarsa ce daban. Ramin da silin gashin ke tsirowa daga ciki a lanƙwashe yake, shi kuma silin a ɗan shafe yake maimakon ya zama zagayayye, don haka yake fitowa a murɗe. Kowace murɗa wuri ne mai rauni inda silin kan iya karyewa. Har ila yau, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya samun gangarowa cikin sauƙi har zuwa bakin gashin, sai a ga gindi da maiƙo, baki kuwa a bushe. A lokacin balaga wannan maiƙo yakan ƙaru, shi ya sa amosanin ka ke yawaita ga matasa. Gashi yana tsawo kimanin santimita 1 a wata, to amma idan abin da ke karyewa a baki ya kai abin da ke tsirowa a gindi, sai yarinya ta ɗauka gashinta ba ya girma.

Daɗin daɗawa kuma ga hunturun Zariya. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙwarai, ga ƙura, ga ƙyuyar taɓa ruwa saboda sanyi. A wannan lokaci ne mataji ya fi yin ɓarna, domin taje busasshen gashi da ƙarfi daidai yake da sa hannu cikin busasshiyar ciyawa.

Kitso shi ne dabarar da iyaye da kakanni suka gada don adana gashi, kuma har gobe babu abin da ya fi shi idan an yi shi da sassauci. Matsalar ita ce yadda ake auna gwanintar makitsiya da tsaurin hannunta. Uwar da ta biya kuɗi tana son kitson ya daɗe, makitsiya kuma tana son a yaba aikinta, sai ta bi ƙananan gashin goshi da na ƙeya ɗaya bayan ɗaya ta tsinto su da kibiya ta ɗaure tamau. Yarinya ta kwana biyu ba ta iya ɗora kai a kan matashi, ƙananan ƙuraje su feso a gindin kitso, a ce mata ai ado sai da wuya. Likitoci kuwa sun ce wannan zafi da ƙurajen su ne alamar farko ta cewa ana tumɓuke gashi daga tushensa. Idan an sassauta da wuri yakan sake tsirowa, amma idan aka shekara da shekaru ana jan wuri guda, ramin gashin yakan mutu ya zama tabo, babu kuma man da zai dawo da shi.

Wani bincike da Dokta Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka buga a 2007, wanda suka gudanar a kan ɗalibai sama da 1,000 a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ya gano irin wannan zubewar gashi a kan kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan matan. Ga waɗanda ke shekarar farko ta makaranta abin bai kai kashi 9 ba, amma ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare ya haura kashi 21. Ashe ke nan a shekarun makaranta ne ɓarnar ke taruwa. Binciken ya kuma nuna cewa abin ya fi yawa ga waɗanda aka miƙar musu da gashi da mai.

Shi wannan mai da ake kira rilaksa, wani nau'insa yana ƙunshe ne da soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Aikinsa shi ne ya karya ƙullin da ke riƙe da murɗar gashi, sai gashin ya kwanta, amma ya rasa wani kaso na ƙarfinsa har abada. Idan ya daɗe a kai yakan ƙona fata. Mafi muni shi ne a shafa shi yau, gobe a ɗora masa kitso mai tsauri ko a ƙara masa gashin kanti mai nauyi. A 2022 kuma wani bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka a kan mata sama da 33,000 ya nuna cewa masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran mata fiye da sau 2 wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, akwai sauran aiki a gaba, amma wannan ya isa ya sa uwa ta yi tunani kafin ta fara shafa wa 'yar shekara 12. Wanda ya ga tilas ne, to ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikin gwangwani, a bar aƙalla mako 8 tsakanin shafi da shafi, a tsaya ga sabon tsiro kawai, kada kuma a yi kitso sai bayan mako 2.

Akwai kuma batun tsabta, domin Hausawa sun hana kitso da ƙwarƙwata. Mataji guda da ke yawo daga kai zuwa kai, ko a gidan makitsiya ko a ɗakin kwanan ɗalibai, shi ne jirgin makero da ƙwarƙwata. Makero ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, don haka asibiti ya kamata a nufa, ko na unguwa ko Asibitin Koyarwa da ke Shika. Ya kyautu kowace yarinya ta riƙa zuwa kitso da matajinta da kibiyarta.

Abin da gashin yake bukata ba shi da tsada, akasarinsa ma yana nan a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. A wanke kai sau ɗaya a mako ko mako biyu da ruwan ɗumi. Ruwan karkashi, wanda tsofaffi suka daɗe suna amfani da shi, yauƙinsa yana warware cukurkuɗa ba tare da fizga ba. A raba gashi kashi huɗu ko shida, a taje shi da danshinsa da mataji mai manyan haƙora, a faro daga baki a gangara zuwa gindi. Sannan a shafa man kaɗe ko man kwakwa kaɗan don ya tsare danshin. Kada a rufe jiƙaƙƙen kai da ɗankwali ko hijabi sai ya sha iska. A riƙa sauya fasalin kitso don kada ja ya tsaya wuri guda, a bar gashin goshi ya huta, kuma idan an yi tsifa a ba kai kwana ɗaya ko biyu kafin a sake kitsawa.

Sauran aikin yana wuyan manya. Ma'aikacin da ke miƙa kuɗin kitso a ƙarshen mako ba zai rasa komai ba idan ya tambayi abin da ake shafa wa 'yarsa. Hukumomin makarantun da ke tsara irin kitson da za a yi ya dace su zaɓi manya masu sauƙi, su daina sa ƙanana masu cin goshi. Uwa kuma ta koya wa 'yarta wanki da tajewa da hannunta kafin ta tafi makarantar kwana, ta daina kiran gashinta mummuna, ta kuma saurare ta idan ta ce kitso ya yi mata zafi. Yarinyar da aka ba damar cewa makitsiya ta sassauta hannu, ita ce za ta kai ranar aurenta da goshinta cike da gashi.