Keken hawan dutse ya iso Gusau, amma daji ya gagare shi

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Sabon Garin Gusau da safe zai lura kekuna sun ƙaru, kuma ba Raleigh ko Phoenix ɗin da iyayenmu suka hau ba ne kaɗai. Akwai masu kaurin taya da giya barkatai da sifirin a gaba, galibinsu gwanjo. Ɗalibai da leburori da ƙananan ma'aikata ne suka rungume su, tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin aljihu.

Sai dai ba don kwalta aka ƙera irin wannan keke ba. Asalinsa wasa ne. A shekarun 1970 wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekunan da suka yi wa kwaskwarima. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Kaurin tayar don ta riƙe yashi da tsakuwa ne, ƙaramar giya kuwa ita ke sa mutum ya hau tudu ba tare da ya sauka ya tura ba, sifirin kuma ya shanye gargada kafin ta kai ga kafaɗa.

Abin takaicin shi ne Zamfara na da duk abin da wasan ke nema. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya wuce Bunguɗu, da fadamu da inuwar itatuwa a gaɓarsa. Ga Dutsen Kwatarkwashi a gefen hanyar Gusau zuwa Tsafe, ga duwatsun Tsafe kanta, ga burtali da hanyoyin gona da ƙafa ta riga ta share. A Turai kuɗi ake kashewa a fitar da irin waɗannan hanyoyi. Mu kuwa manomi ya daɗe yana bin su da buhun gero a bayan keke, ba giya ba hular kwano, ba wanda ya taɓa ba shi lambar yabo.

Yau wa zai bi? Hanyar Gusau zuwa Tsafe ma, mai kwalta da shingayen jami'an tsaro, sai da addu'a ake shigarta saboda masu garkuwa da mutane, balle dajin Kuyambana da ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka katse a faɗin jihar, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako ta taƙaita zirga-zirgar babura. Saurayin da zai so ya bi gaɓar gulbi da kekensa ranar hutu ya san iyakarsa, iyayensa sun fi shi sani.

Don haka keken da aka yi domin dutse ya koma na zuwa makaranta da kasuwa da kai niƙa. In giyar ta lalace kuma kayanta na wuyar samu, mai gyara sai ya cire ta, ya rage tsawon sarƙar, ya mai da keken mai gudu ɗaya kamar na da.